Malama Ikilima da Robar Maganin Feshi

Duk wanda ke zaune a layinmu a Talata Mafara ya san ƙarar buhun Malama Ikilima. Da an fara buɗe shaguna za ka ji ana ɗaure shi a bayan kabu-kabu, robobi na gwaruwa a ciki, waɗanda ta tattaro jiya za ta kai ma'ajiyar ofis. Sai ta fito cikin kakinta na duba-gari, hijabi a sama, safar hannu a aljihu, da wata doguwar ƙusa da maƙeri ya sa wa ƙota. Ta tsaya ta gaisa da kowa, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, sannan ta hau. Ranar Talata a kasuwar gari take yini. Sauran ranaku tana bin kasuwannin shiyyar da aka ba ta, yau Damri a ƙasar Bakura, gobe Janbako ko Kaya a ƙasar Maradun, har a shekarun da mutane da yawa suka daina bin waɗannan hanyoyi saboda tsoro. Ni maƙwabcinta ne, ƙofofinmu na kallon juna. Ta yi ritaya kwanan baya, na jira wani ya ce wani abu a kanta har na gaji, shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaina.

Abin da take bi ba ɓoyayye ba ne. Mu nan manoma ne rani da damina, ruwan Bakolori ya ba mu shinkafa da tumatir da albasa, kuma yau da wuya ka ga gonar da ba a yi mata feshi. Maganin ciyawa da na ƙwari suna zuwa ne cikin robobi masu kauri, masu murfin da ke kamawa gam. In magani ya ƙare, hannun mutum ba ya iya jefar da irin wannan roba. Sai ya ɗauraye ta a bakin ruwa, ya kawo gida ya miƙa wa matarsa, kamar yadda yake miƙa mata buhun taki in ya zazzage. Ita kuma ta wanke da toka da ruwan zafi, ta kife a rana yadda take yi wa ƙwarya, ta ɗauka an gama. Daga nan sai ka ga robar ɗauke da kunun masu aikin gona, ko man gyaɗa, ko nono, wani ma ita ce butarsa. To ƙwarya tana wankuwa da toka, amma wannan robar shan maganin take yi a jikinta, ta riƙa sakinsa cikin duk abin da aka zuba mata.

Malama ta gaya mini inda abin ya faro. An tura ta wani ƙauye kusa da Kaya, inda masu yankan shinkafa suka sha kunu a gona suka kama amai da rawar jiki. An kwashe su asibiti, sun dawo, ban da wani dattijo a cikinsu. Mutanen gari suna ta zargin hatsi da rijiya, ita kuwa ta ce a nuna mata abin da aka kai kunun a ciki. Sabuwar robar maganin feshi ce, ko takardar jikinta ba ta gama ɓarewa ba. Matar da ta dama kunun tana zaune a gefe ta haɗa kai da gwiwa, kuma dattijon da ya rasu mahaifinta ne. Malama ta ce tun daga ranar ba ta sake ganin irin robar nan a hannun mutum ta wuce ba.

Kada a ce na zo ina shafa mata mai. Malama tana da zafi, kuma da farko da zafin ta yi aikin. In ta ga roba, ta karɓe ta huda gindinta, mai ita na kallo. Yaran kasuwa suka laƙaba mata Inna Mai-ƙusa, mata suka riƙa cusa robobinsu ƙarƙashin zane in sun hango kaki. Wadda ta taka mata burki wata Bafulatana ce mai sayar da nono a Janbako, sunanta Baraka. Waɗanda ke wurin sun ce Malama ta sa an juye nonon ta huda robar, Baraka ta miƙe tsaye ta gaya mata magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce daga rugarsu zuwa kasuwa hanya ce mai ramuka, ƙwarya ba ta isowa da rabin nono a kan babur, wannan murfin ne kaɗai ba ya zubarwa. Kuma robar maigidanta ne ya ba ta, to me ya sa ba a je an huda ta a hannunsa ba, sai a hannun mace a gaban jama'a?

Da wani ne, da ya ce an ci mutuncin hukuma. Malama dawowa ta yi gida tana huci, sannan ta yarda cewa matar ta fi ta gaskiya. Daga nan ta canza hanya. Ta bi masu shayi da masu tuyar ƙosai tana karɓar jarkokin man girki da suka ƙare, ta wanke, ta riƙa zuwa da su kasuwa tana musaya, a ba ta mai guba ta ba da mai tsabta. Ta shiga fadamu ta sami maza a bakin aikinsu, ta nuna musu yadda za su ɗauraye robar su juye ruwan cikin tankin feshi, su huda ta nan take kafin ta ga ƙofar gida. Ta roƙi limamai su faɗa bayan sallar Juma'a. Jarka ta farko da ta kai Janbako, Baraka ta kai wa.

Ke ce, Malama, kika nuna mini cewa mai zafin rai ma yana iya saurare. Ke ce kika shiga rana da ƙura a kan abin da ba ya kawo lambar yabo, ba a kuma ɗaukar hotonsa. Yaran da suka sha kunu suka tashi lafiya ba su san da ke ba, iyayensu ma wasu har yau suna ganin robarsu kika ɓata musu.

Abin da ya fi damunta shi ne duk wannan aiki a kan kakinta ya tsaya. Ikon da take da shi na taɓa robar wani, ikon duba-gari ne na hana sa abinci a mazubi mara kyau, kuma ta san ranar da ta tuɓe kakin ya tafi. Matasan da ke bayanta kaɗan ne, shara da magudanan ruwa sun ishe su. Duk shekara muna jin abubuwan da gwamnati ta sa gaba a kan muhalli, dashen itatuwa, kwararowar hamada, masu ƙona gawayi, masu haƙar zinari. Ba na musun ko ɗaya, hamada a ƙofarmu take. Amma robar feshi ƙarama ce, ba ta shiga jawabi. Saboda haka da aka fara daftarin dokar muhalli a majalisar dokokin jiha, Malama ta bi shi ofis-ofis har aka sa wani sashe a ciki, wanda ya ce mai sayar da maganin feshi ya karɓi robarsa in ta ƙare, a tara a kai inda za a lalata ta. Daftarin ya wuce karatu na ɗaya, aka yi zaɓe, aka sake shi daga farko, ya wuce na biyu, ya shiga hannun kwamiti. Tana ƙirga watannin ritayarta, sai labari ya zo cewa ana shawarar cire sashen nata don daftarin ya yi sauƙin wucewa.

Na halarci zaman jin ra'ayin jama'a da kwamitin ya yi a shiyyarmu. Alhaji Hashimu, babban mai sayar da maganin feshi a Damri, ya yi magana a madadin 'yan kasuwa. Ya ce su ba masu kwasar shara ba ne, shagunansu ƙanana ne, kuma ba su da inda za su ajiye guba kusa da iri. Maganarsa ba shirme ba ce, na ga 'yan kwamitin suna gyaɗa kai. Malama ta yi nata bayanin a natse. Sannan aka ce akwai wata mata daga Janbako da ke son magana, sai ga Baraka, ta biyo motar kasuwa ba wanda ya gayyace ta. Na ɗauka za ta ce mata sun waye sun daina. Ba haka ta ce ba.

"Ranku shi daɗe, ni ba ni yi muku ƙarya. Robag ga muna son ta, har gobe muna son ta. In taz zo gida ba mu yad da ita. In kuna son ɗiyanmu da rai, ku hana ta zuwa gida."

Kwamitin ya bar sashen a ciki, ya ƙara cewa hukuma ce za ta riƙa kwashewa daga hannun 'yan kasuwa. Amma har ranar da nake wannan rubutu daftarin yana jiran karatu na uku da sa hannu, kuma ritaya ba ta jira shi ba. Aka yi wa Malama ɗan taron ban kwana, ta ninke kakinta ta sa a akwati.

Ranar kasuwar Damri ta farko bayan haka, na gan ta ta fito da atamfa, na bi ta don in ga abin da za ta yi. Kai tsaye shagon Alhaji Hashimu ta nufa, inda manoma ke barin robobi a bakin ƙofa mata na zuwa suna ɗauka. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mata murnar gama aiki lafiya. Sannan ya ce, yana murmushi, yanzu kam ai ba ta da ikon taɓa kayan kowa. Ta ce gaskiya ne.

"Ba ƙwace niz zo yi ba, Alhaji. Roƙo niz zo. Don Allah ka ba ni su."

Ta miƙa hannu biyu. Ni da na san matar nan, wadda ko gishiri ba ta aika a karɓo mata a maƙwabta, sai da na kau da kai. Ba a hana tsohuwa abin da ba komai a cikinsa, balle a gaban mutane. Alhaji ya rasa inda zai sa idonsa, ya tashi da kansa ya tattara robobin ya zuba mata a buhu. Yana ɗaurewa ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko kowace kasuwa haka za ta riƙa zuwa tana ba shi kunya.

"Kowace kasuwa. Har ran da anka sa hannu."

Haka kuwa take yi. Kuma na faɗa ba ɓoyewa, abin yana burge ni, yana kuma ɓata mini rai. Matar da ta ba wa ƙasar nan ƙuruciyarta da ƙarfinta, yau da roƙo take cike gurbin doka.

Mun gode, Malama Ikilima. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki ga ranar da idonki. Mu kuma da muka rage, aikin bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ke da wakili a majalisa ya tambaye shi inda daftarin ya tsaya, in ya ce sai an jima, a koma a sake tambaya. Mai shago ya ajiye gangar tara robobi a baya tun kafin a tilasta masa. Kai kuma manomi, in maganinka ya ƙare, ɗauraye robar ka huda ta a nan inda kake tsaye. Kada ka bari sa'ar mahaifiyarka ta miƙo maka hannu biyu a tsakiyar kasuwa a kan abin da ya kamata ka gama tun a gona.