Gwaggo Dije da Iskar Jirgi

Ku da kuka san Gwaggo Dije, kun san hancinta ke riga ƙafarta shiga ɗaki. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta sansana, sannan ka ji, "Wa ya kunna maganin sauro? A fitar! Huhu ba tukunya ba ne balle a kankare." Ba banza ba. Shekarun da ta kwashe tana suyar ƙuli-ƙuli cikin hayaƙi, ana kai mata kasuwar Ɗanbatta, su suka bar mata ciwon asma.

Shekarar da Allah ya kira ta Makka, ni 'yar ƙaninta aka haɗa mu tafiya. Likita a Kano ya ce kada abin shaƙarta ya yi nisa da ita, kuma ta sa takunkumi.

"Takunkumi? Ni raƙuma ce?"

Wai! Muna isa gindin jirgi warin mai ya buso. Nan take ta zaro nata ta sa, ta fizge nawa ta ƙara a kai. "Ke huhunki sabo ne," in ji ta.

Jirgi na ɗagawa ta yafito ma'aikaciya.

"'Yar nan, buɗe min tagar nan."

"Hajiya, ba ta buɗuwa. Amma akwai na'urar da ke tace iskar."

"Tacewa irin ta gasara?"

"Kusan haka."

"To, dusar fa? Kan gonakinmu kuke zubarwa?"

Har na bayanmu sai da suka dara. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Gwaggo ta sauke takunkumi za ta sha ruwa, sai wata mata a gabanmu ta fesa turare. Tari ya sarƙe ta, ƙirjinta ya shiga kuka kamar sarewa, idanunta suka firfito. Na yi maza na kwance haɓar zaninta, inda ta ƙulle abin shaƙar tare da goro. Ma'aikatan suka rugo da 'yar tukunyar iska suka kafa mata a hanci. Ina salati, ina tunanin abin da zan faɗa wa Baba in na koma gida ni kaɗai.

Da ƙyar numfashin ya dawo. Mai turaren ta durƙusa tana hawaye. "Hajiya, ki yafe ni."

Gwaggo ta ɗaga abin hancin. "Na yafe, 'yar'uwa. Turarenki mai kyau ne. Ajiye min ragowar sai ranar wankan gawata."

Ta sauke farali lafiya, ta dawo ta ƙara 'yan shekaru a cikinmu. Bara, ana girbin gero, ƙirjin ya ƙi saki. Ina riƙe da hannunta ta yi kalmar shahada, a gutsure, kalma na jiran kalma, amma sai da ta kai ƙarshe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata makwancinta, ya hutar da ita hutun da ba ta samu a nan ba. Amin.