Tagar da Ragnfrid Ta Ƙi Rufewa

Shekara talatin Ragnfrid Hovde tana riƙe da rajistar makabarta a ofishin cocin tsibirinmu. Mace ce mai taurin kai, kofin da take sha baƙi ba madara, maganarta gajera. Kowa ya san ba a kashe mata kwamfuta, ko Kirsimeti ne.

Dalili kuwa, tun da teku ta haɗiye jirgin kamun kifin mijinta Eilif, ba a ga gawa ba. Ta buɗe takardar rajistar mutuwa a wata 'yar taga a allon kwamfutar, ta rubuta sunansa, ta bar gurbin kwanan wata. Shekara tara tagar na nan a kusurwar allo. A ranta, muddin ba a rufe ta ba, Eilif bai mutu ba, ya dai yi jinkirin dawowa.

Ran Litinin ta dawo daga wurin likitan haƙori, ta tarar da Tuva mai gyaran na'urori ta kwashe tsohuwar kwamfutar, ta girka sabuwa.

"Ke wa ya aike ki?"

"Haba Ragnfrid, wannan gyatumar ai ta kusa girme ni! Duba nan, allon sabuwar kamar gida ne mai ɗaki huɗu. Ki goga yatsu uku, ki faɗa ɗaki na gaba da tagoginsa."

"Tagogin tsohuwar fa?"

"An share su tas."

Ragnfrid ba ta yi kuka ba. Ta koyi abin dole: baftisma a ɗakin farko, aure a na biyu, matattu a na uku. Na huɗun ta bar shi fayau, ko leƙawa ba ta yi.

Ran Alhamis da rana, hannunta ya zame. Allon ya sulale har ɗaki na huɗu, sai ga 'yar tagar a kusurwarta ta da. Ta kira Tuva a waya.

"Ke kika ɗauko takardar Eilif?"

"Wace takarda? Ni ko tsinke ban ɗauko ba."

Ta gyara tabarau, ta matso. An cike gurbin kwanan watan. Ba ranar da jirgi ya nutse aka sa ba. Litinin ɗin nan ce, ƙarfe goma da kwata, lokacin da take kwance a kujerar likita da baki buɗe, Tuva kuma tana kashe tsohuwar kwamfutar.