Gwazan da ba a ci

Ina durƙushe da 'yar wuƙata ina tonon tukunyar fulawa, sai ga Autana ya dawo daga aiki.

Lokacin ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na bayan Paiko ya kawo ni gidansa a Minna, saboda ciwon ƙafa. Kullum ina yi masa zancen gonar gwazana, ina roƙonsa ya mayar da ni. Wata rana sai ya shigo min da wani gwaza a tukunya, ganyensa kore da fari kamar an yayyafa masa nono. Wai sabon iri ne.

Na ce to, na samu aikin yi. Damina guda ina zuba masa toka da kashin kaji, ina jira ya yi 'ya'ya in dafa wa jikoki.

Da ya same ni ina tonon, sai ya ce, "Inna, me kike nema a ciki?"

Na ce, "Abin da ake nema a gindin gwaza mana."

Ya yi dariya. "Ai wannan ba a cinsa, Inna. Na ado ne, kallonsa kawai ake yi. Ki zauna ki huta."

Na mayar da ƙasar na rufe. Ban ƙara yi masa zancen komawa gida ba, don na gane ni ma ajiye ni aka yi ana kallo.

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana buga min. Ku da kuka kawo iyayenku birni, kun taɓa tambayarsu yadda suke wuni?