Ruwan Kanwar Na'Allah

Duk ƙasar Kurfai, daga Filinge har Sanam, in saniya ta sunkuyar da kai ta ƙi kiwo, Na'Allah ake kira. Shekara arba'in ya yi yana bin shanu kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma magani ɗaya ya yarda da shi a duniya, kanwa. A jiƙa, a tace, a ɗura. Shanu kuwa suna tashi, shi ya sa ba mai ja da shi. Mutumin kirki ne, sai dai in ya ce ya sani, ko liman sai ya haƙura.

Yana da wata tsohuwar mage, Muna, shekara goma sha uku tana tsaron rumbunsa. Bayan kaka sai wuyanta ya saki, kai ya rataya, ga shan ruwa ba ƙoshi. Kallo ɗaya Na'Allah ya yi mata ya ce gishiri jikinta ke nema. Kullum da hantsi sai ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa ya ɗura mata cokali biyu, tana yaƙushi yana lallashi. Abin da ya rage a ƙwarya kuma na matarsa Habsatu ne, wadda ta yi wata uku tana fama da ciwon ƙeya da jiri. Takan yamutsa fuska ta shanye, don da idonta ta ga shanun da ya tayar.

Wata safiya, ya jiƙa kanwar ke nan, sai ya ga Muna ta yi karo da turmi. Ta juya, ta yi karo da bango. Ya ɗaga ta, idanun a buɗe wangale, baƙi ƙirin, ga rana amma ba su tsuke ba. Ya bar ƙwaryar a nan, ya sa magen a kwando ya nufi ofishin dabbobi, inda Salma ɗiyar ƙanensa, likitar dabbobi a Yamai, ta sauka aikin rigakafi.

Salma ta haska idon, ta ciro wani ɗan maɗaurin awon hawan jini a jakarta ta naɗa a wutsiyar magen.

"Awon tansiyo ga wutsiyar mussa?" in ji Na'Allah. "Wanga shi na karatun da anka kai ki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta auna sau uku, sannan ta ce, "Baffa, hawan jini gare ta, mai tsanani. Shi ya fasa mata jijiyoyin ido."

Na'Allah ya saki baki. Shi a saninsa hawan jini ciwon manyan alhazai ne, ina ruwan mage da shi?

"Sai an yi gwaji zan tabbatar," in ji Salma, "amma ga abin da nike zato. Bisa ƙodarta akwai wani ɗan nama da ke sakin sinadari cikin jini, yana gaya ma jiki shi riƙe gishiri da ruwa. Nata ya yi yawa. Jiki na ta tara gishiri, jini na ta matsa jijiya, ƙarfin nama kuma na zubewa cikin fitsari, shi ya sa wuyan ya saki. Mi kake ba ta?"

"Kanwa," ya ce, da ƙyar.

"Innalillahi! Baffa, gishiri ne ya yi mata yawa, kai kuma kana ƙara mata."

Ya zauna a ƙasa, ba tabarma ba komai. Salma ta ce ba kanwar ce ta kawo ciwon ba, kuma akwai ƙwayar da za ta sauke jinin, ido ne dai da wuya ya dawo. Bai ji rabin maganar ba. Ya ɗago a firgice.

"Ɗiyata, mutum fa? Mai ciwon ƙeya da jiri?"

"Wa ke nan?"

Ya zabura ya nufi gida. Mutanen Filinge har yau suna ba da labarin ranar da suka ga tsoho Na'Allah, mai ciwon gwiwa, yana gudu ba hula, Salma na biye da shi da kwando.

Ya tarar da Habsatu zaune bakin murhu, ƙwaryar a kife kusa da ita.

"Ka kwantar da hankalinka, Malam," ta ce. "Ban bari ta lalace ba. Tunda ka tai da mussar, na shanye har da rabonta."

Na'Allah ya durƙusa a gabanta, ya kama fuskarta da hannu biyu ya juya ta wajen rana, yana leƙen idonta yadda ya ga Salma ta yi.

"Habsatu, kina gani na?"

Ta yi dariya ta ce tana ganinsa mana, har da hawayen da ke gemunsa. Salma kuwa ta ajiye kwandon, ta fita neman motar da za ta kai su asibiti.