Ranar Aurena Tana Hannun Japan

Duk matan gidanmu na unguwar Manfuha a Riyad sun ɗauka son ilimi ne ya sa na san labarin tashoshin nukiliyar Japan. Gwaggona har nuna ni take yi wa baƙi, tana cewa, "Ku tambaye ta, ita ce mai boko." Ba boko ba ne. Da ƙyar na gama sakandare, kimiyya kuwa barci nake yi a ajinta. Aurena ne ya maƙale a can.

Wanda ke nemana direba ne, mutumin Maradi kamar Baba. Mai gidansa wani injiniya ne Bajapane, dattijo marar magana. A ƙasarsu a tashar nukiliya yake aiki, sai aka yi girgizar ƙasar nan da teku ya hau tudu, aka kashe tashoshin duka. Kamfaninsu ya turo shi Riyad ya riƙe wani aikin lantarki kafin a sake kunna tasu. Ranar da aka kunna ta zai koma gida, direba kuma ya nemi wani kafil, wato uban gidan da zai tsaya masa a takardun zama.

Manyansa sun zo gaisuwa da goro da dabino, Baba ya karɓa. Saura sa rana. Nan ne mutumina ya durƙusa ya ce, "Baba, a ɗan dakata mu ga yadda tashar za ta yi. Kada in ɗauko 'yar mutane iƙamata ta zaman ƙasa tana rawa."

Baba kayan miya yake sayarwa a kasuwar Aziziya, amma manomi ne a zuciya. Ya ce ai wannan hankali ne, ba a shuka sai ruwa ya sauka. Shi ke nan aka jingine ni.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ɗauki waya na shiga bin labari da kaina. Na gano an sake kunna waɗansu, waɗansu an ce sun tsufa za a rushe su, sauran suna nan ba a raye ba ba a mace ba. Tamu tana cikin na ukun. Sai hukuma ta duba, sai gwamnan yankin ya yarda, sai mutanen gari sun yi taro, wani lokaci kotu ta ce a tsaya. Ashe su ma neman aure suke yi, dangin amarya ne da yawa.

Ran Juma'a yakan zo zance da alewar wake da mai gidansa ke ba shi. Ba ta da daɗi, amma ina ci.

Na ce, "Malam, hukuma ta gama dubawa."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, saura gwamna."

"To in ba a kunna ba fa?"

"Kin ga kullum yana iya tafiya ke nan."

"In an kunna?"

"Kin ga ya tafi ke nan."

Na dube shi. Ya miƙo mini alewa.

Haka azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Ƙawata da aka kai wa gaisuwa bayana ta haihu, na je suna a Nasiriya, mata suna ta tsokanata: "Amaryar Japan, an kawo wuta?" Inna kuwa addu'a ta rikice mata. Ta ce, "Ke, wai kunnawa zan roƙa ko kashewa?" Na ce ta roƙi duk wanda ya zo bakinta, ni ma ban sani ba.

Wata safiya ina wanke-wanke na gani a waya: an kunna. Na fito da kumfa a hannu ina ihu. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabtanmu 'yan Sudan suka leƙo suna mabruk, barkarsu ke nan. Na tabbata ko a garin da tashar take ba a yi murnar da aka yi a falonmu ba. Tunanina, tunda abin da ake tsoro ya faru, sai ya nemi sabon aiki a sa rana, halas, magana ta ƙare.

Bayan la'asar ya zo, fuska fal annuri. Ya ce, "Albishirinki. Dattijo zai tafi, amma mudir ɗin kamfani bai sallame ni ba. An haɗa ni da wani sabon Bajapanen."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Sai a turo manya."

Ya sosa ƙeya. "To, shi ma ya'ani aronsa aka bayar. Tasu tashar tana jiran kotu."

Ban yi kuka ba. Na dai tuna na taɓa ganin taswirar tashoshin, sun zagaye bakin tekun ƙasar kamar 'ya'yan carbi, kowace da injiniyanta, kowane injiniya yana son direba.

Na mayar masa da alewarsa na shiga ciki. Baba yana zaune yana tsince tumatirin da ya kwana. Na yanke shawara ba zan bi ta bakin Inna ba, yadda aka saba. Da kaina zan durƙusa in gaya masa a sayo goro daidai wanda suka kawo, gobe a mayar musu.