Juma'ar da Na Buɗe Sarƙa

Ni ne ba ni da gaskiya. Gara in faɗi wannan tun farko, kafin wani mai kirki a cikinku ya fara nema mini uzuri. Shekarun baya ke nan, komai ya wuce, amma laifin dai nawa ne.

Ni da abokina a Bi'ir Ali, kusa da Madina, muka san juna, muna aikin jera motocin masu ɗaura harami. Shi Badamagare, ni Bakano, don haka da tsokana muka fara tun kafin mu san sunan juna. Ana nan sai sharika, wato kamfanin da muke wa aiki, ta samu kwangilar kula da bakin ruwa a wani ƙaramin garin masunta, can ɓangaren Yanbu. Ni na fara jin labarin. Ni na je wajen mushrif, wato mai duba aikinmu, na ce a tafi da ni, na kuma ce ina da ɗan uwa mai haƙuri. Ku riƙe wannan, domin ita ce maganar da na yi ta maimaita wa kaina daga baya: ai ni na kawo shi.

Wurin ba shi da girma. Akwai marsa, doguwar gadar siminti da jirage ke ɗaurewa. Gefenta akwai gangare mai shiga ruwa, inda masu ƙananan jirage ke ja da baya da mota su sauke jirgi ko su janye shi. Daga can sai yashi, wurin zaman iyalai. Baya kuma babban filin ajiye motoci. Tsakanin filin da gangaren akwai 'yar hanya guda, an tare ta da sarƙa da kwaɗo, ba a buɗe wa kowa sai masu jan jirgi.

Mushrif ɗinmu matashi ne, jikan alhazan da suka zauna Madina tun da can. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake ba ka amsa. Ya ce mu raba aikin, ɗaya fili, ɗaya marsa. Ni na yi wuf na zaɓi fili, saboda akwai ɗan ɗakin gadi mai sanyi, kuma gaskiya tsoron ruwa nake ji. Har dariya na yi wa abokina, na ce, "Badamagare da teku? Allah Ya sa kada kifi ya ɗauke ka." Ya ce, "Kai dai zauna cikin akwatinka, Bakano, kada rana ta ɓata maka fata."

Ba a daɗe ba na gane abin da na zaɓa. A fili ba wanda ke ganinka. Mutum zai sauke gilashi ya ce "ya sadig", wato aboki, yadda suke kiran kowane lebura, ya nuna inda yake so, in ka hana ya danna maka oda. Ba sannu, ba na gode. Shi kuwa a marsa, duk jirgin da ya iso sai a wurgo masa igiya, ya cafe ya ɗaure, kafin a fara sauke kaya a jefa masa kifi guda a bokitinsa. Akwai wani dattijo a cikin masuntan, kowa Rayyis yake ce masa, wato shugaba. Wannan dattijo ya ɗauki abokina kamar ɗa, "ya waladi" yake kiransa. Daga tagar ɗakina nakan hango su zaune a kan igiyoyi suna shan shayi, abokina yana ta wannan Larabcin nasa mai karyewa, su kuma suna ƙyalƙyata dariya.

Ɗaki ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci. Da yamma zai soya kifin ya turo mini faranti ya ce, "Ci, Bakano, ka huta da wake." Ni kuwa in ci, in ƙara, in suɗe yatsu, zuciyata kuma tana tafasa. Ban taɓa ganin sakarci irin nawa ba. Kifin yana bakina ina hassadar wanda ya ba ni. Wata rana na ce masa, "Su dai Larabawan nan sun samu ɗan aike na banza." Ya ce, "Ɗan aiken nan shi ke cika maka ciki, miƙo yaji." Shi wasa ya ɗauka. Ni ba wasa nake ba.

Muna da wani shiri tsakaninmu wanda sharika ba ta sani ba. Ba a barin wurin babu kowa ranar Juma'a, don haka wannan mako ɗaya ya tafi masallaci ɗaya ya riƙe wuraren biyu, mako na gaba a juya. Doka kuwa ta hana mai marsa ba wa kowa makullin sarƙa.

Juma'ar da nake ba ku labari ta faɗo cikin hutun makaranta, mutanen Madina suka yo ayari zuwa bakin teku. Ranar shi ke da zuwa masallaci. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Rayyis ya ce iska za ta taso bayan Azahar, ƙananan jirage za su fito da wuri. Don Allah hanyar nan ta zauna a buɗe musu. Ko liman ne ya zo da motarsa, kada ka bari ya ajiye a ciki."

Na ce, "Ni za ka koya wa aiki? Ka manta wa ya kawo ka?"

Ya yi dariya ya tafi.

Fili ya cika har baki. Sai ga wani mutum da babbar mota, ya ce mahaifiyarsa tsohuwa ce, ba ta iya doguwar tafiya, ya nuna hanyar da ke bayan sarƙa. Bai ce mini sadig ba. Cewa ya yi, "Allah Ya saka maka, ya rayyis." Na so in ce tausayin tsohuwa ne ya kama ni, haka ma na yi ta faɗa daga baya. Amma ba shi ba ne. Da tausayi ne da na bari ya sauke ta ya fito. Abin da na kalla shi ne kujerar abokina a bakin marsa, da bokitinsa, da ɗan kofin shayinsa a kife. Na ce a raina, yau dai bari su ga ɗan nasu ma yana iya kuskure. Na buɗe.

Mota ɗaya ta shiga, na baya suka gani suka biyo. Ina tsaye da sarƙa a hannu ana ta yi mini godiya, ni kuma ina jin daɗi kamar wani mai gari. Kafin a idar da salla hanyar ta cushe har bakin gangare, masu motocin sun kwashi shimfiɗu da tukwane sun bazu a kan yashi.

Iska ta taso kamar yadda aka faɗa. Jirage suka fara isowa, motocin da za su janye su kuwa suna bayan cunkoso, ba hanyar wucewa. A nan hankalina ya dawo jikina. Na ruga yashi neman masu motoci, sai na tarar da abin da ban yi tunani ba. Iyalai ne zaune da matansu, kowane gida da labulensa. Namiji baƙo ba ya kutsa kai tsakaninsu. Dole ka tsaya daga nesa ka yi sallama, ka ɗaga murya kana faɗin launin mota, iska kuma tana kwashe maganar. Abokina ya iso da gudu daga masallaci, takalminsa a hannu. Bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi makulli, ya bi wancan gefen yana kira.

Da ƙyar aka riƙa fitar da motoci ɗaya bayan ɗaya. Rayyis ya ce a fara janye jiragen matasan masunta, shi ya tsaya baya yana ta fama da injinsa. Ana dab da zuwa kansa wata igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta maka shi da duwatsun gefen marsa. Har yau ina jin ƙarar. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma gefen jirgin ya tsage, kifin ranar ya koma inda ya fito. Dattijon ya fito daga ruwa jiƙe sharkaf, rawaninsa ya tafi.

Mushrif ya iso fuska a murtuke. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya buɗe? Na sunkuyar da kai ina kallon siminti. Abokina ya ce, "Makulli a hannuna yake, ya mushrif." Rayyis ya dube shi ya daɗe, bai ce waladi ba, ya juya ya tafi wajen jirginsa.

Da muka koma ɗaki na fara zuba. Na ce taro ne ya fi ƙarfina, na ce tsohuwa ce, na ce ban zaci za su biyo baya ba. Ya ce, "Na san halinka, Bakano, ba ka iya hana tsoho abu. Da na ce na ba ka makulli, mu biyu za a sallama, ga igamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ta kusa sabuntawa. Gara ɗaya." Ya yarda da ni, wallahi ya yarda. Har ya ɗora tukunya.

Ba a kore shi ba, amma an mayar da shi Bi'ir Ali cikin hayaƙin manyan motoci. Ni kuma aka ba ni marsa. Na samu abin da nake so.

Ranar farko aka wurgo mini igiya na kasa cafewa, ta doke ni a fuska. Da na ɗaure ta biyu, sai na ji tim a bokiti. Kifi. Na tambayi masuncin, na mene ne? Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowane yaro ya sani. Ya ce haƙƙin igiya ne, duk wanda ya kama igiya yana da kifi, haka suka gada, ko ba su san shi ba. Ashe abin da na yi watanni ina ƙuna a kansa, da na taka daga akwatina na kama igiya ɗaya, da an ba ni. Shayin kuwa da "ya waladi", waɗannan ba su cikin haƙƙin igiya. Ban taɓa samunsu ba. A hankali na ji cewa abokina kan tsaya bayan tashi daga aiki ya taya dattijon wanke jirgi da warware raga, lokacin ni ina ɗaki ina jiran a kawo kifi.

Da aka gyara jirgin Rayyis ya koma ruwa. Yana jefa mini nawa kamar kowa. Wata rana ya tsaya ya ce, "Ɗan uwanka lafiya yake?" Na ce lafiya. Ya girgiza kai ya ce, "Yaron nan ya ba ni mamaki." Wannan magana ce ta hana ni sakat. Aiki ana canzawa, amma na bar dattijo yana ɗauke da mummunan zato a kan wanda bai yi masa komai ba sai alheri.

Na daɗe kafin in iya. Sai da kwangila ta zo ƙarewa na same shi yana ɗinkin raga, na tsuguna na faɗa masa duka. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da yake yi. Ya ce, "Jirgi an gyara. Ba ni za ka fara ba haƙuri ba." Washegari ya ɗauko najil, jan kifin nan mai tsada, ya sa a akwatin ƙanƙara ya miƙo mini. Ya ce, "Wannan ba naka ba ne. Ka kai wa ɗana."

Yanzu a unguwar Aziziyya nake, ina aiki a wani shago. Nakan lura da kaina. In aka yabi wani a gabana na ji yabon bai yi mini daɗi ba, na san baƙon da ya zo, sai in yi sauri in ƙara da nawa yabon kafin ya samu wurin zama. Ban ce na warke ba. Na dai daina kiran abin da wani suna.

Ranar da na kai kifin, a unguwar Ranuna na same shi, a ɗakin da yake haya can wajen Ƙuba, bayan La'asar. Ya buɗe akwatin ya ga najil, na faɗa masa saƙon Rayyis, ya juya baya yana neman wuƙar da ke gabansa. Da ya juyo ya ce, "To Bakano, yau kai ke ciyar da ni? Zauna mana, me ka tsaya yi kamar mai neman wurin ajiye mota?"

Na ce ba zan zauna ba tukuna. Ya ce, "In maganar sarƙa ce, ai ta wuce, ka ba ni haƙuri tun a ranar."

Na ce, "Wancan haƙurin ƙarya na ba ka. Ba tsohuwa ba ce, ba taro ba ne. Hassadarka nake yi, ɗan uwa. Ina cin kifinka ina baƙin cikin ana son ka. Da gangan na buɗe, don in ga ka faɗi a idonsu, ka faɗi kuma ina tsaye na yi shiru. Ka yafe mini don Allah."