Yadda 'Yata Ta Koyi Tauna

'Yata ta uku ta kai shekara huɗu ba ta taɓa tauna komai ba. Kunu take sha, shi ma sai an tace. In ta ji gudaji a baki sai ta tofar, ta kwanta a ƙasa ta toshe kunnuwa. Ba ta yarda a wanke mata fuska, ga yawu kullum ya jiƙe gaban riga. Lokacin muna unguwar Sabangali, farkon shekarun dubu biyu, gida ɗaya da surukata.

Surukata ta ce yarinyar lafiyarta lau, zaɓe ne ya yi mata yawa. Ta karɓo mata rubutu. Yarinyar ta shanye, da yake ruwa ne.

Wata maƙwabciya ce ta gaya mini akwai likita a wani ƙaramin asibiti mai duba yaran da ba sa ci ko ba sa magana. Muka je, ina tsammanin allura. Likitar, wata doguwar mace 'yar kudu, ta zauna da mu a tabarma, ta yi mini bayani da Larabcin gari. Ta ce naman bakin yarinyar bai yi ƙarfi ba, kuma tana jin taɓi fiye da yadda muke ji. Ta ce kafin kowane abinci in danna mata kumatu da tafin hannu, dannawa ba shafawa ba, don shafa tana tayar mata da hankali. In sa mata zuma a leɓe ta lashe a gaban madubi. Ta zuƙi kunu mai kauri da bututun shan lemo. Ta riƙa hura kyandir.

Da muka dawo surukata ta ce, "Wane magani suka ba ku?"

Na ce, "Inna, cewa aka yi ta hura kyandir."

Ta ce, "Ai iska ma tana yi, ba ta je asibiti ba."

Yarinyar ta ƙi hurawa sai ta ga wani ya fara. Mijina, mai rumfar atamfa a unguwar Ngueli, mutum ne da ko a biki ba ya dariya. Shi ya riƙa durƙusawa bayan la'asar yana kumbura baki. Daga baya ya sayo mata usur a garin Kousseri. Ta daɗe tana hurawa ba sauti. Ranar da ya yi ƙara ta firgita ta jefa shi cikin randa, washegari ta sa aka ciro. Wani mai klando, wato ɗan acaɓa, ya taɓa jin usur ɗin ya tsaya a ƙofarmu yana waige-waigen ɗan sandan da ya tsare shi.

Dannar kumatu kuwa surukata ta karɓe, ta ce hannuna ba nauyi. Ba ta taɓa cewa ta yarda da likitar ba, amma ko sau ɗaya ba ta tsallake ba.

Aka fara da ayaba, aka koma dafaffen dankali. Wata rana da tsakar rana, kusan shekara da farawa, muna cin soyayyen kifin kogin Chari, ta miƙa hannu cikin kwanon babanta ta ɗauki tsoka. Likita ta riga ta gargaɗe mu kada mu yi shewa ko tafi in hakan ta faru. Sai duk muka zuba wa bango ido. Tana tauna, mu muna kallon bango, mijina yana share ido da hannun riga, ya ce yaji ne.

Yanzu ta girma, tana ɗinki a unguwar Toukra. Tana cin nama, tana cin gyaɗa. Miyar kuɓewa ce har yau ba su shirya ba. In an kawo sai ta ɗauki kwanonta ta koma wani ɗakin.